Tsaron Hanyar Intanet Ta Gida: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan jawabi ya shafi wani ɗan akwati ne da ya shiga gidajen sarauta da ofisoshin gundumomi cikin 'yan shekarun nan, watau akwatin da ke raba intanet ba tare da igiyar waya ba, wanda a ke kira rauta, hanyarsa kuwa a ke ce mata Wi-Fi. Waɗansu babba gare su mai ƙahoni biyu ko huɗu, wanda a ke ajiyewa bisa tebur. Waɗansu ƙarami gare su na aljihu, irin wanda a ke ce wa MiFi. Duka biyu aikinsu ɗaya ne, kuma hanyar tsaronsu ɗaya ce.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, wannan akwati ɗan ƙaramin gidan rediyo ne. Yana watsa saƙo cikin iska, yana kuma karɓa. Iska kuwa ba ta san katanga ba, ba ta san dogari ba. Galibi saƙon ya kan kai yadi 30 zuwa 50 a cikin gini, in kuma fili ne ya kan zarce haka. Bango mai kauri da rufin kwano su kan rage masa ƙarfi, amma ba su hana shi fita duka. Saboda haka mai shayi da ke bakin fada, da yaran da ke zaune gindin darbejiya, da baƙon da ya tsai da mota bakin hanya, duk wayarsu tana ganin akwatin hakimi sarai. Wanda ya ɗaura wa kwamfutarsa eriya ta musamman yana iya kamo saƙon daga nesa da haka ƙwarai. Gidan da ya ke da ƙofa guda da mai tsaronta, ran da aka kunna masa wannan akwati ya sami ƙofa ta biyu wadda ido ba ya gani.

Abin da ke cikin hatsari

Mafi ƙanƙantar hasara ita ce ta data. Mai gida ya sayi ta wata guda, kafin mako biyu ta ƙare, ya yi ta zargin kamfani, alhali kuwa samarin unguwa ne ke kallon ƙwallo da ita. Wannan abin haushi ne, amma kuɗi ne kurum, ana iya mayarwa.

Babbar magana ita ce ta suna. Tun watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarni a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai shi. Layin da ke cikin akwatin ba a ware shi ba. Duk abin da aka aika ta cikin akwatin nan, ko wane ne ya aika, in hukuma ta bi sawu, sawun ya kan tsaya ne ga wanda aka rubuta layin da sunansa. Kamar hatimin hakimi ne a bar shi bisa tabarma a zaure, kowa ya zo ya buga wa takardarsa.

An riga an ga irin wannan a waɗansu ƙasashe. Ran 26 ga Yuli 2008 aka tayar da bamabamai a birnin Ahmadabad na Indiya. 'Yan mintoci kafin tashinsu aka aika wa gidajen labarai wasiƙa ta intanet ana ɗaukar alhakin abin. Da 'yan sanda suka bi sawun wasiƙar, sai ya kai su gidan wani Ba'amurke mazaunin gefen birnin Mumbai, daga baya aka gane hanyarsa ta Wi-Fi aka hau. Cikin 2011 kuma, a birnin Bafalo na Amurka, jami'an gwamnati suka fasa ƙofar wani magidanci da sassafe, da bindigogi, suna tuhumarsa da sauke hotunan batsa na ƙananan yara. Sai bayan 'yan kwanaki da aka bincike kwamfutarsa aka ga ba shi da laifi, aka kama wani maƙwabcinsa. Abin da ya jawo masa wannan wulaƙanci shi ne bai sa wa akwatinsa kalmar sirri ba. An wanke shi, gaskiya ne. Amma talaka ma ya kan sha wuya kafin maganar ta bar bakin mutane, balle mai sarauta wanda mutuncinsa shi ne rabin ikonsa. A ƙasar da masu garkuwa da mutane da 'yan damfara ke neman hanyar aika saƙo ba da sunansu ba, buɗaɗɗen akwati a gidan hakimi kyauta ce a gare su.

Na uku, takardun ofis. A kwamfutar malamin hakimi a kan sami bayanin rikicin gonaki da na gado, da wasiƙun shaidar asali, da sunayen dagatai da masu unguwanni, da rahoton baƙin da suka sauka a ƙasa, har da rahoton tsaro da a ke aika wa majalisar sarki. A nan ya kamata a faɗi gaskiya daidai, kada a tsorata mutane a kan abin da ba haka ya ke ba. Wanda ya shiga hanyar gida ba zai iya karanta saƙonnin WhatsApp ba, domin tun 2016 a kulle su ke tun daga wayar mai aikawa har ta mai karɓa, haka kuma yawancin shafukan banki da na wasiƙu suna da nasu kullin. Amma ya riga ya shigo tsakar gida. Yana iya lalubo takardun da aka buɗe domin kwamfutocin ofis su yi tarayya a kansu, yana iya kaiwa ga injin buga takarda, yana iya leƙa kyamarar da aka kafa a ƙofar fada in ba a tsare ta ba. In kuwa ya kai ga ɗakin sarrafa akwatin, yana iya karkatar da hanya, har mai gida ya nemi shafin bankinsa a kai shi wani na jabu mai kama da shi. An yi wa dubban akwatuna haka a ƙasar Barazil cikin 2018.

Dokar hana laifuffukan intanet ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 2015 aka yi mata gyara cikin 2024, ta tanadi ɗauri da tara ga mai kutsawa cikin kwamfutar wani da nufin zamba. Sai dai doka tana aiki ne bayan an yi ɓarna.

Makullai biyu ne, ba ɗaya ba

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Akwatin yana da kalmar sirri iri biyu. Ta farko ita ce wadda a ke bugawa a waya domin a hau intanet, kowa ya san ta. Ta biyu ita ce ta ɗakin sarrafawa, inda a ke sauya suna, a ke sauya kalma ta farkon, a ke korar wanda ba a so. Ta farko makullin ƙofar gida ce. Ta biyu makullin ɗakin da a ke ajiye dukan makullai ce. Mutum ya kan yi shekara uku da akwati bai san akwai ta biyun ba.

Hanyar shiga ɗakin sarrafawa ba wuya. Malami ya haɗa waya ko kwamfuta da akwatin, ya buɗe inda a ke rubuta adireshin shafi, ya rubuta lambar da ke manne a gindin akwatin ko ƙarƙashin batirinsa. Galibi 192.168.0.1 ce, ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1. Waɗansu akwatunan kuma ta manhajar kamfaninsu a ke sarrafa su. Za a tambayi suna da kalmar sirri. A tsofaffin akwatuna da yawa, sunan "admin" ne, kalmar ma "admin", haka aka fito da dubbai daga masana'anta, kuma an buga jerin waɗannan kalmomi a intanet, kowane yaro yana iya dubawa.

Kada a raina wannan sakaci. Cikin 2016 waɗansu samari a Amurka suka ƙirƙiro wata muguwar manhaja mai suna Mirai. Ba wata gwaninta ta yi ba illa ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin masana'anta kamar 60 a kan kyamarori da akwatunan gidaje. Da haka ta kame na'urori dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka tura irin wannan runduna kan wani kamfani mai suna Dyn, manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagara shiga a sassan Amurka da Turai na tsawon sa'o'i. Daga baya Ingila ta kafa doka, wadda ta fara aiki cikin Afrilu 2024, ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar masana'anta mai sauƙin zato. Akwatunan da ke kasuwannin ƙasar nan ba duka ke bin wannan ƙa'ida ba. Saboda haka aikin farko ran da aka kawo akwati shi ne a sauya kalmar ɗakin sarrafawa, kuma ta bambanta da ta hawa intanet.

Irin kwaɗon da za a zaɓa

A ɗakin sarrafawa akwai wurin zaɓen irin kullin da akwatin zai yi wa saƙo. Misalinsa kamar zaurance ne: waya da akwati suna magana a bainar jama'a, kowa yana jin sauti, amma sai mai makulli ke gane ma'ana. Zaurancen nan iri-iri ne, waɗansu an daɗe da gano su.

Na farko sunansa WEP, ya zo ne tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko cikin 1997. Cikin 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka bayyana rauninsa. Cikin 2007 waɗansu masu bincike a birnin Darmstadt na Jamus suka nuna ana iya karya shi cikin minti guda. Wani babban kamfanin shaguna na Amurka, TJX, ya yi jinkirin barinsa, ɓarayi suka shiga ta nan tun 2005, ba a bayyana ba sai farkon 2007, bayan sun kwashi lambobin katin banki fiye da miliyan 45. Jagoransu ya sami ɗaurin shekara 20 cikin 2010. Duk akwatin da ba shi da wani kulli sai WEP, lokacinsa ya wuce, a nemi wani.

Bayansa aka kawo WPA cikin 2003 a matsayin faci na wucin gadi, sa'an nan WPA2 cikin 2004, sa'an nan WPA3 cikin 2018. In akwati yana da WPA3 a zaɓe shi. In akwai tsofaffin wayoyi a gida da ba su gane shi ba, akwatuna da yawa suna da zaɓin haɗa WPA2 da WPA3. In ba haka ba WPA2 ya isa, muddin an zaɓi wanda aka rubuta AES a gefensa, kuma kalmar sirrin mai ƙarfi ce.

Kalmar sirri

A nan ne ya kamata a daɗe, domin kwaɗo komai kyaunsa ba ya amfani in kowa yana iya ƙera makullinsa. Yadda ɓarawo ke yi ga shi. Duk sa'ad da waya ta zo hawa, ita da akwati su kan yi wata gajeriyar gaisuwa. Ɓarawo ya tsaya a waje ya naɗi gaisuwar nan a kwamfutarsa, ya tafi gida. Kalmar sirri ba ta cikin abin da ya naɗa a fili, amma yana iya gwada zato a kansa, in ya dace zai sani. Ba ya bukatar komowa kusa da gidan, ba kuma wanda zai gan shi. Kwamfuta mai ƙarfi ta kan gwada zato dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda.

To, a yi lissafi. Kalma mai lambobi 8 zalla tana da fuska miliyan 100. In kwamfuta tana gwada 500,000 a daƙiƙa, za ta gama su duka cikin daƙiƙa 200, watau ƙasa da minti 4. Mutane da yawa su kan sa lambar wayarsu, suna ganin lamba 11 ai doguwa ce. Amma lambobi 4 na farko sanannu ne, irin su 0803 da 0806, saura 7 kurum, watau fuska miliyan 10 ga kowane mafari. Ko da an ce mafaran sun kai iri 50, aikin bai kai na minti 20 ba. Cikin 2021 wani mai bincike ya zaga birnin Tel Abib da 'yan kayan aiki masu araha, ya naɗo bayanin akwatuna 5,000, ya buɗe fiye da 3,500, kuma fiye da 2,000 daga cikinsu lambar waya ce kalmarsu. Ga hakimi abin ya fi muni, tun da lambarsa tana hannun kowane dagaci da kowane mai ƙara, ba sai an kunna kwamfuta ba.

Haka nan kada a sa sunan gari, ko sunan sarauta, ko shekarar naɗi, ko sunan ɗa ko na uwargida, ko wani yanki na kirarin gidan. Abin da maroƙi ya sani ba asiri ba ne.

Abin da ya fi shi ne tsawo. Ƙa'idar WPA2 ta yarda da haruffa 8 har zuwa 63. Malami ya ɗauki kalmomi 5 na Hausa waɗanda ba abin da ya haɗa su, ya jera su, alal misali raƙumi da tukunya da Talata da gishiri da tsani. Wannan misali ne kurum, tun da an buga shi a takarda ya lalace, kada wani ya ɗauka. In an zaɓo kalmomin ne kamar yadda a ke jefa ƙuri'a daga cikin kalmomi 2,000, to kwamfuta mai gwada miliyan 1 a daƙiƙa sai ta yi fiye da shekara 1,000 kafin ta ƙure su. Sharaɗin shi ne ƙuri'ar. Karin magana ko baitin waƙa ba su cika shi ba, domin kalma ɗaya tana jawo 'yar'uwarta. Wani abu kuma, a guji haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a rubuta su da b da d da k, domin ƙa'idar ba ta tanade su ba, kuma akwai talabijin da injunan buga takarda da ba su da wurin buga su.

Waɗansu su kan ce haramun ne a rubuta kalmar sirri a takarda. Ga gidan sarauta wannan shawara ba ta dace ba. Ɓarawon da a ke tsoro yana wajen katanga ne, ba ya ganin littafi. A rubuta kalmomin biyu, a ajiye inda a ke ajiye hatimi. Abin da ba shi da kyau shi ne a manna su jikin bangon ofis, ko a bar su bisa tebur inda masu ƙara ke zama.

Zaure da cikin gida

Saura maganar da ta fi wuya, kuma ba ta na'ura ba ce. Gidan hakimi gidan jama'a ne. Baƙo daga hedkwatar ƙaramar hukuma zai ce a ba shi kalma ya aika saƙo, ɗan ƙane ya zo hutu zai tambaya, malamin allurar rigakafi zai tambaya. Hana su ya yi kama da rowa, rowa kuwa abin kunya ce ga basarake. Amma duk wanda aka ba, wayarsa ta riƙe ke nan. Wayoyin Android na yanzu suna iya nuna kalmar a matsayin ɗan hoto mai murabba'i, wani ya ɗauka da tasa wayar ya hau nan take, ko da mai gida da kansa ya karɓi wayar baƙo ya buga kalmar a ɓoye. Akwai kuma manhajojin da samari ke sa wa wayoyinsu da sunan neman intanet kyauta, waɗanda ke kwasar kalmomin da wayar ta sani su raba wa duk mai irin manhajar. Da haka kalmar da aka ba mutum ɗaya ran Juma'a ta kan zama ta unguwa kafin wata Juma'ar.

Magabata sun riga sun warware irin wannan da suka gina zaure. Baƙo ya kan sami shimfiɗa da ruwa da abinci, amma ba ya wuce zaure. Yawancin manyan akwatuna suna da abin da a ke kira hanyar baƙi. In an kunna ta, akwatin zai fito da suna na biyu mai tasa kalmar dabam. Wanda ya hau ta nan zai sami intanet, amma ba zai ga kwamfutar malami ko ɗakin sarrafawa ba, in dai an bar katangar da ke tsakani a rufe. A waɗansu akwatunan har ana iya ƙayyade wa baƙi gudu ko lokaci. Ita wannan kalma ta baƙi a bayar da ita da sakin fuska, a sauya ta bayan hawan salla, ko biki, ko zaman makoki, ko duk wani taro. Talabijin da sauran ƙananan na'urori masu araha su ma gara a ɗora su a kanta. Waɗansu ƙananan akwatunan aljihu ba su da wannan tanadi. In haka ne, ofishin da ke riƙe da takardun jama'a ya kamata ya sami nasa dabam, ba wanda iyali da baƙi ke hawa ba.

Kalmar cikin gida kuwa ba sai an riƙa sauya ta kowane wata ba, yawan sauyi ya kan sa mutane su koma ga mai sauƙi. A sauya ta in akwai dalili: an yi wa malami canjin wurin aiki, an sallami bara, waya ta ɓace, ko an ga baƙuwar na'ura. Haka kuma da zarar yaron da ya zo kafa akwatin ya fita, domin da yawansu kalma ɗaya su ke sa wa duk gidan da suka yi wa aiki, ba don mugunta ba, don kada su manta.

Ƙananan ƙofofi

Akwai wani maɓalli a jikin akwatuna da yawa da aka rubuta WPS. An ƙirƙiro tsarin ne don sauƙi, a hau ta danna maɓallin ko da lambobi 8 maimakon doguwar kalma. Cikin Disamba 2011 wani ɗalibi ɗan ƙasar Ostiriya, Stefan Viehböck, ya nuna akwatin ya kan duba lambobin ne rabi-rabi, ya faɗi ko rabin farko daidai ne. Lamba ta ƙarshe kuma lissafi ne ke ba da ita. Saboda haka maimakon zato miliyan 100, abin ya koma 10,000 da 1,000, watau 11,000 kurum, aikin 'yan sa'o'i. In an sami lambar, akwatin da kansa zai miƙa kalmar sirrin komai tsawonta. Sababbin akwatuna su kan kulle bayan an yi kuskure kaɗan, amma abin da ya fi shi ne a kashe WPS ɗungum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A kashe kuma zaɓin sarrafa akwati daga nesa, in ba a bukatarsa. Sunan da akwatin ke watsawa a sauya shi zuwa wanda ba ya nuna mai shi. "Fadar Hakimi" talla ce. Ɓoye sunan duka, da rubuta lambobin wayoyin da aka yarda da su kaɗai, dabaru ne da masu gyara ke so su nuna gwaninta da su. Su kan kori yaro mai gwaji, amma wanda ya san aiki yana tsallake su cikin mintoci, sun fi kama da zana da katanga.

Cikin akwatin akwai manhajar da ke tafiyar da shi, kuma lokaci-lokaci a kan gano ɓaraka a cikinta, kamfani ya aiko da gyara. Cikin 2017 wani masani a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano rauni a gaisuwar WPA2 ita kanta, maganinsa kuwa sabunta wayoyi da kwamfutoci da akwatuna ne. Cikin 2018 aka gano wata muguwar manhaja da ta shiga akwatuna kamar 500,000 a ƙasashe 54. Malami ya duba wurin sabuntawa a ɗakin sarrafawa ko sau ɗaya cikin wata uku, in akwai zaɓin akwatin ya riƙa yi da kansa a kunna. Wanda kamfaninsa ya daina aiko masa da gyara, a fara shirin maye gurbinsa.

Dubawa da wurin ajiya

A ɗakin sarrafawa akwai jerin duk na'urorin da ke bisa hanya a lokacin. Malami ya ƙidaya na gida, Tecno nawa, Infinix nawa, kwamfuta nawa, ya gwada da jerin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar lisha, sa'ad da ofis ke rufe, samari kuma ke zaman hira. Kada a yi saurin zargi, domin wayoyin yanzu su kan sauya lambar shaidarsu da gangan, waya ɗaya ta bayyana kamar biyu. In an yi shakka ba sai an tsaya farautar kowa ba. A sauya kalma, duk wanda ba a ba sabuwar ba ya faɗi da kansa.

Akwatin a ajiye shi tsakiyar gida, ba bakin tagar da ke kallon titi ba. In ba a aiki da shi da dare a kashe shi, an rage hatsari an kuma rage cin batir. Ɗaukewar wuta ba ta goge abin da aka saita. Abin da ke gogewa shi ne wani ɗan rami a bayan akwatin, wanda in an soka tsinke a ciki aka danne kamar daƙiƙa 10, komai zai koma yadda ya fito daga masana'anta, kalmar da ke manne a gindinsa ta sake aiki. Saboda haka duk wanda hannunsa ke kaiwa ga akwatin ya fi ƙarfin kowace kalma, ɗakin da ya ke ciki lalle ya zama mai kullewa. In wata rana aka ga sunan akwatin ya koma na masana'anta ba da sanin malami ba, wani ya taɓa shi.

Ramin nan yana da nasa amfani. Akwatin da aka sayo na hannu a kasuwa, a danne shi tukuna kafin a fara aiki, domin ba a san abin da mai shi na da ya saita ba. Wanda za a sayar ko a kyautar, shi ma a danne shi, a cire layin da ke ciki, tun da layin yana ɗauke da sunan mai shi duk inda ya tafi. In kuwa akwatin na ofis ne, kuma malami zai bar aiki, sai a sa kalmomin biyu da lambar layin cikin takardar miƙa aiki tare da makullai da littattafai, sabon malami ya sauya su a gaban hakimi ran da ya kama aiki.